Lambar Girma da Kunnen Talaka: Nazari a kan Aikin Jarida don Amfanin Jama'a

Nufin wannan takarda shi ne a auna irin aikin jaridar nan da a ke ba lambar girma saboda ya amfani jama'a, a kuma bincika ko ma'aunin da alƙalan gasa su ke aiki da shi ya dace da ƙasarmu. Za mu tsaya a kudancin ƙasar Sakkwato mu dubi al'amarin, watau wajen Jabo da Tambuwal da Kebbe, domin wurare ne na manoma da makiyaya da masu cin kasuwar ƙauye, nesa da inda a ke buga jaridu, nesa kuma da inda a ke raba kyaututtuka. In an ce jama'a, ai irin waɗannan mutane a ke nufi, saboda haka ba laifi ba ne a tambaya me ya iso gare su daga aikin da a ke yi da sunansu.

Mafi shahara cikin lambobin nan ita ce ta Pulitzer a ƙasar Amurka. Wani mai jarida ne, Joseph Pulitzer, ya bar wasiyya da dukiya domin a kafa ta. Ya rasu a 1911, aka fara ba da ita a 1917 ta hannun Jami'ar Columbia. Kyaututtukan suna da yawa, amma wadda ta fi daraja ita ce ta hidimar jama'a, tambari ne na zinariya, kuma jarida a ke ba, ba mutum ɗaya ba. Kowa ya san labarin Washington Post wadda ta ci a 1973 saboda tono asirin Watergate, abin da ya kai Shugaba Nixon ga yin murabus a 1974. Amma wanda ya fi kusa da zancenmu shi ne na 1953. A shekaran nan wasu ƙananan jaridu biyu na karkara a jihar North Carolina, ɗaya a garin Whiteville ɗaya a Tabor City, su suka ci, domin sun yi ta faɗa da ƙungiyar ta'adda ta Ku Klux Klan a cikin garuruwansu har aka kama mutane da yawa aka hukunta su. Abin lura a nan shi ne, wanda aka zalunta, da azzalumin, da alƙalin da ya yi shari'a, da editan, duk harshe ɗaya su ke karantawa, jarida ɗaya kuma ta ke shiga gidajensu. Ma'aunin Pulitzer a kan wannan hali aka gina shi: a tono ɓarna, hukuma ta ji kunya ko ta ji tsoro, a gyara. Ba a tambayar ko mutanen da abin ya shafa sun ji labarin, domin can ba a shakkar sun ji.

A wurinmu kuwa aikin jarida hanya biyu gare shi, kuma ba kullum su ke haɗuwa ba. Akwai kai kukan talaka sama, wurin mai iko. Akwai kuma kawo bayani ƙasa, wurin talakan, don ya san abin da ya same shi, da abin da ya kamata ya yi. Na farko shi a ke ba lambar girma. Na biyu ba safai a ke tuna shi ba.

An yi wani zamani da hanyoyin nan biyu suka haɗu cikin takarda ɗaya, shi ne zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo a hannun Malam Abubakar Imam. An fara buga ta a Zariya cikin watan Janairu 1939, a Ofishin Talifi wanda Dr. R. M. East ya ke shugabanta, ana sayar da ita kwabo ɗaya, wata-wata ta ke fitowa da fari. Ba ita ce jarida ta farko da Hausa ba, gama an yi Jaridar Nijeriya ta Arewa kafinta, amma ita ce ta fara zama jarida ta sosai wadda mutane su ke jira. Dalilin kafa ta ma ya isa abin tunani. A lokacin nan jita-jita ta bazu cewa Ingilishi za su miƙa Nijeriya ga Jamus don su lallashi Hitler, hankalin mutane ya tashi, gwamnati ta ga ba ta da bakin da za ta yi magana da talakawa kai tsaye. Watau dai tun asalinta an haife ta ne don hanya ta biyu, ta saukar da bayani, kuma bayanin gwamnati.

Imam, wanda aka haifa a Kagara a shekarar da Pulitzer ya rasu, ya zo aikin da kayan da suka dace. Ya yi Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Katsina, ya shiga gasar ƙaga labari ta 1933 da Ruwan Bagaja, sa'an nan ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku. Gasar da aka san shi da ita ke nan, ta adabi ce, gama a zamaninsa babu gasar aikin jarida a Nijeriya irin wadda a ke yi yau. Abin da ya ɗauko daga littattafan nan ya kawo cikin jarida shi ne rubutu mai bin numfashin magana. Duk wanda ya karanta tsofaffin fitowar Gaskiya da babbar murya zai ji cewa an yi jimlolin ne don kunne. Ba su da tsawon da zai sa mai karatu ya sarƙe, ana maimaita sunan mutum maimakon a bar mai sauraro ya yi ta laluben ko wa a ke nufi, in kuma batu ya yi nauyi sai a sassauta shi da karin magana ko ɗan labari. Wannan ba ado ba ne, dabara ce ta aiki. Masu iya karatun boko kaɗan ne ƙwarai a Arewa a 1939, takarda ɗaya kuwa malamin makaranta ko malamin haraji shi zai zauna a zaure ko a gindin bishiya ya karanta wa taro. Editan da ya san haka dole ya rubuta wa mutumin da ba zai taɓa riƙe takardar ba. A ganina wannan shi ne babban gwanintar Imam, ya fi duk wani ra'ayi da ya bayyana, kuma shi ne abin da ya kamata malaman kwalejojin horon malamai su sa ɗalibansu su nazarta jimla jimla.

Amma jaridar ba ta tsaya ga saukar da bayani ba. Shafin wasiƙu ya buɗe wata ƙofa da ba a taɓa buɗewa ba. Malamin En'e, ko malamin makaranta, ko akawun kanti, wanda a dā in yana da ƙara sai ya bi ta wurin hakimi, yanzu sai ya rubuta wa edita, a buga, dubban mutane su ji. Irin su Malam Sa'adu Zungur sun yi amfani da wannan fili. Me ya sa kukan ya ke isa sama? Domin masu iko na lokacin suna jin harshen. Sarakuna da 'yan majalisarsu Hausa su ke ji. Turawan mulki kuwa, Razdan da Di'o, an wajabta musu cin jarrabawar harshe, mafi yawansu Hausa suka koya, kuma Gaskiya tana cikin abin da su ke karantawa. Saboda haka wasiƙa ɗaya takan shiga kunnen manomi da na hakimi da na Razdan cikin mako ɗaya, kowannensu kuma ya san sauran sun ji. Ƙarfin jarida a nan ya ke. Azzalumi ba ya damuwa ƙwarai don an san laifinsa a wani wuri mai nisa, abin da ke damunsa shi ne a san shi a ƙofar gidansa, na sama da shi kuma su san an sani.

Kada dai a ɗauka yabo kaɗai ya dace da ita. Gaskiya jaridar gwamnati ce, kuɗin gwamnati ne ya kafa ta, ko bayan da aka yi Kamfanin Gaskiya a 1945 ba ta fita daga inuwar hukuma ba. A shekarun yaƙi, 1939 zuwa 1945, babban aikinta shi ne ƙarfafa zukatan mutane ga Ingila da taimaka wa ɗaukar soja, kuma mai nazari ba zai same ta tana tambayar ko yaƙin na talakan Kebbe ne ba. Sukar da Imam ya kan yi wa zalunci da cin hanci yawanci a dunƙule ta ke, ana faɗin hali, ba a cika kama suna ba. Wannan ya yi daidai da al'adar nasiha wadda ƙasar Sakkwato ta gāda tun daga littattafan Shehu Usmanu da Abdullahi da Muhammadu Bello a kan yadda ya kamata mai mulki ya kasance, amma nasiha daban, bincike daban. Alƙalan Pulitzer da sun nemi takardu da sunaye da lissafin kuɗi, da kuwa ba su samu da yawa ba. Maganganun Imam mafi kaifi ma ba a jaridar ya yi su ba. Sa'ad da ya tafi Ingila a 1943 cikin ƙungiyar editocin Afirka ta Yamma, tafiyar da ya ba da labarinta a Tafiya Mabuɗin Ilmi, ya sadu da Lord Lugard, daga baya ya rubuta masa wasiƙu da Turanci yana bayyana illolin mulkin En'e da yadda aka ƙi sauraron samari masu ilmi. A tafiyan nan ne kuma ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Dr. Azikiwe ya shirya. Mutum ne mai son gyara daga ciki, a hankali. Da siyasar jam'iyyu ta kankama, aka kafa NEPU a Kano a 1950, Jam'iyyar Mutanen Arewa kuma, wadda Imam yana cikin waɗanda suka assasa ta, ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, 'yan hamayya suka riƙa kallon Gaskiya a kan bakin gwamnati ce. Ba su rasa hujja ba.

Duk da haka, in aka tambaya wace jarida ce ta fi canza abin da talakan Arewa ya sani game da duniyarsa, ban ga ta biyunta ba. Ta share fagen da Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tsaya a kai a Majalisar Kaduna a 1950 ya nemi a gyara tsarin En'e, gama abubuwan da ya faɗa an daɗe ana taɓa su a shafin wasiƙu. Da aka shiga Yaƙi da Jahilci kuma, Hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan jaridu na larduna don sababbin masu karatu: Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Bazazzagiya ta Zazzau, Zaruma kuwa ta Lardin Sakkwato. Ba wanda zai kira su jaridun bincike, labaran noma ne da tsabta da na gari. Amma abin mamaki ne a ce dattijon da ya gama ajin yaƙi da jahilci a ƙasar Tambuwal wajen 1957 yana da takardar lardinsa da harshensa, jikansa na yau kuwa, mai wayar hannu, da wuya ya sami irinta.

Bayan mulkin kai hanyoyin biyu suka rabu. Turanci ya zama harshen ofis da majalisa da kotun sama, jaridar da ke son mai iko ya ji ta sai ta yi Turanci. New Nigerian ta fara fita a Kaduna ranar 1 ga Janairu 1966, ta zama ita ce babba, Gaskiya ta koma ƙanwa a gidan, har daga baya dukansu biyu suka durƙushe. Aikin saukar da bayani ya koma hannun rediyo: Sashen Hausa na BBC tun 1957, Rediyon Kaduna tun 1962, da sauransu. Jarumtakar aikin jarida a Nijeriya kuwa, ba a musu, da Turanci aka yi mafi yawanta. An ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na Guardian a 1984 a ƙarƙashin Doka ta Huɗu. An kashe Dele Giwa na Newswatch da bom a cikin ƙunshin wasiƙa ranar 19 ga Oktoba 1986. Dele Olojede ya ci Pulitzer a 2005 saboda rahotonsa a kan Ruwanda, amma a jaridar Amurka, Newsday, ya buga shi. A shekaran nan ne kuma aka fara ba da lambar Wole Soyinka ta aikin jarida na bincike. Premium Times tana cikin jaridun duniya da suka haɗa hannu a kan Takardun Panama, aikin da ya ci Pulitzer a 2017. Waɗannan duka abin girmamawa ne, ba na rage musu kome. Sai dai mafi yawan ayyukan da ke cin lambobin nan an rubuta su da harshen da mutumin Jabo ba ya karantawa, ko da shi ne a ke ba da labarinsa.

Misalin da ya fi bayyana wannan rabuwa yana nan maƙwabta, a Zamfara. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma. Dutsen da a ke haƙowa don neman zinariya yana ɗauke da dalma, ana kawo shi gida a daka a niƙa a tsakar gida, ƙura ta sauka a ƙasa inda yara ke rarrafe, ta shiga abinci da ruwa. Yara wajen 400 suka rasu, dubbai suka kamu. An share ƙauyuka da dama, amma Bagega, wadda ta fi girma, ta zauna tana jira domin gwamnatin tarayya ba ta saki kuɗin da ta yi alkawari ba. Rahotannin jaridu da na ƙungiyoyi, da gangamin da matasa suka yi ta intanet, su suka matsa har aka saki kuɗin a farkon 2013. Wannan shi ne kai kuka sama, kuma ya yi aiki, ya cancanci kowace irin lamba. To, amma uwar da ke daka dutse a turmin da ta ke daka hatsi, ba rahoton Abuja ne zai hana ta ba. Ita abin da ta ke bukata shi ne a gaya mata da Hausa, a bakin wanda ta yarda da shi, cewa ƙurar nan ce ke sa yaro farfaɗiya, kuma a fitar da niƙan bayan gari. Ma'aikatan lafiya da masu gari da rediyo su suka ɗauki wannan nauyi. Aikin jarida ne shi ma, irin na Imam, sai dai ba shi da gurbi a takardar gasa.

Inda hanyoyin suka sake haɗuwa a zamaninmu, sai a ga ƙarfin ya dawo. A watan Oktoba 2018 jaridar Daily Nigerian ta Jaafar Jaafar ta saki hotunan bidiyo da ta ce suna nuna Gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, yana karɓar daloli daga hannun 'yan kwangila. Gwamnan ya musanta, Majalisar Dokokin Kano ta fara bincike, kotu ta dakatar da ita, editan kuma ya bar ƙasar a 2021 yana cewa ana barazana ga ransa. Ba aikin wannan takarda ba ne ta yanke hukunci a kan zargin. Abin da ya shafe mu shi ne, hoto ba ya bukatar tafinta. Ya shiga wayar ɗan kasuwar Kurmi a ranar da ya shiga ta ɗan majalisa, shi ya sa ya girgiza gari fiye da dogayen rahotanni masu tarin hujja waɗanda suka tsaya a shafin Turanci.

Jabo kanta ta shiga jaridun duniya a daren 25 ga Disamba 2025, sa'ad da Amurka ta kai hari ta sama a Jihar Sakkwato, ta ce 'yan ƙungiyar IS ta nufa. Gwamnatin Nijeriya ta ce da yardarta aka yi, an kuma auna wani daji ne a ƙaramar hukumar Tangaza, can arewa wajen iyakar Nijar, ɓaraguzan makamai ne suka faɗo a Jabo da Offa ta Jihar Kwara. Manema labarai suka yi abin da ya kamata: suka je garin, suka ga inda abin ya faɗi a gona, suka tambayi mutane, suka ruwaito cewa ba a rasa rai ba, kuma mazauna garin sun ce ba su san da irin waɗannan 'yan bindiga a cikinsu ba. Wannan aiki ne mai kyau, domin ya hana a shafa wa gari baƙin fenti a idon duniya, kuma tafiya da ƙafa zuwa wurin ita ce tushen sana'ar. Amma a dubi yadda aka tsara yawancin rahotannin. An kawo mutumin Jabo ne a matsayin shaida, don mai karatu a Washington ko Ikko ya auna maganar shugabanninsa. Tambayoyin da ke ransa shi kansa, watau me ya faɗo, ko zai sake faɗowa, ko ƙarfen da yara su ke tsinta yana da haɗari, ko za a iya noma wurin, wa zai biya in an yi hasara, waɗannan sun zo daga baya, a taƙaice, wasu ma ta hanyar gargaɗin hukumar soja ne.

Saboda haka shawarar da zan ba masu shirya gasa a Nijeriya ƙarama ce, mai yiwuwa. A ƙara tambaya ɗaya a takardar shiga: ta wace hanya, da wane harshe, mutanen da rahoton ya shafa suka ji shi? Jaridar da ke da 'yar'uwa ta Hausa, kamar Daily Trust da Aminiya, ba ta da uzuri in babban bincikenta a kan Sakkwato ko Zamfara bai fito cikakke da Hausa ba, da rubutun da za a iya karanta wa taro ko a ɗauka a murya a tura ta waya. Mu kuma na sassan Hausa akwai aikin da ke jiranmu. Shafukan wasiƙu na Gaskiya daga 1939 zuwa 1960 suna nan a ɗakunan ajiye takardun tarihi na Kaduna da Zariya. Ya kamata wani ɗalibi ya zauna ya jera su bisa garuruwan da suka fito, da sana'ar marubutan, da abin da suka yi kuka a kai, a ga kashi nawa ne ya fito daga manyan birane, nawa kuma daga gundumomi irin su Tambuwal da Kebbe, a kuma bi sawun kaɗan daga cikinsu a fayilolin lardi a ga ko Razdan ya ɗauki mataki.